Tunkiyar Fara Kiwo: Tarihin 'Yar Ƙasa, Uda Da Balami A Gidajen Katsina

Da kwamitin shirya wannan mujalla ta zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya ce mu rubuta wani abu na tarihi, wasu sun zaci sunayen shugabannin da aka yi za mu jero. To, mu tarihin tumaki muka zo da shi, domin a taron da ya wuce saura ƙiris a tashi baram-baram a kansu. Maganar ita ce, sababbin 'yan uwanmu da za a ba rancen kiwo bana, wace irin tunkiya za a saya musu? Wani ɓangare ya ce Balami, tunda ita ke kuɗi. Wasu suka ce Uda, tunda ta fi Balami sauƙin saye kuma tana da jiki. Tsofaffin cikinmu suka yi shiru, can suka ce 'yar ƙasa, sai yara suka fashe da dariya, wai ana ta ci gaba su suna mai da mu baya.

Kuɗin da ake wannan gardama a kai zubin mata ne, na mai ƙosai da mai kitso da mai ɗinkin hula, kuma wadda aka ba rancen sai ta biya ko tunkiya ta rayu ko ta mutu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu koma baya mu duba inda kowace irin tunkiya ta fito. Halin dabba daga inda ta taso yake, kamar dai na ɗan Adam.

Mu fara da garin kansa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwa ya kai mil 13 zuwa 14, amma ɗan yanki ne kawai ke da gidaje. Sauran duk gonaki ne da fili. Ke nan kakannin kakanninmu ba su da matsalar wurin kiwo ko a cikin birni. Da rani a saki tumaki su yi kalar gonaki, da damina a ɗaure su a turke saboda shuka, yara su yiwo musu ciyawa. Da yamma kowace tunkiya ta san zauren gidansu, ta dawo ta tarar da ƙasari da dusa a kwatanniya. Tunkiyar da ta yi ɗaruruwan shekaru a cikin wannan zama, tana kwana kusa da madafi, tana jin kukan jarirai da ƙarar turmi, ita ce Bahaushe ya sa wa suna 'yar ƙasa. Har a littattafan masana na jami'a da wannan sunan namu aka san ta. Fara ce, da baƙi kewaye da idanu da baki da kunnuwa kamar an sa mata kwalli, wani lokaci har da ƙafafu. Jikinta madaidaici, kunnenta bai cika tsawo ba, ragonta yana da geza a wuya da ƙirji. Ita ta fi kowace irin tunkiya yawa a Nijeriya.

Su wa suka mai da ita haka? Mata ne. Wannan ba cika baki muke ba. A 1967 wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, nan kusa da mu, tana nazarin yadda mutane ke neman abinci, ta fitar da littafinta a 1972. Cikin abin da ta lura da shi har da cewa kaso mai yawa na awaki da tumakin garin na mata ne, duk da suna cikin kulle. Mu ba mu buƙatar Baturiya ta gaya mana, amma dai yana da daɗi a ce an rubuta. Yarinya takan tafi gidan miji da 'yar tunkiyar da gwaggonta ta ba ta. Wadda ba ta da wurin ɗaurewa ta kai wa 'yar uwarta a ƙauye kiwo, in an haihu a raba yadda aka shirya. Kuma mace ba ta riƙe tunkiya mai tunkuyin yara ko mai tsallake danga. Wannan ita ake fara kai wa kara. Mai sanyin hali, mai nono, mai kula da ɗanta, ita ake bari ta yi ta haihuwa. Shekara da shekaru ana wannan zaɓe a tsakar gida ba da takarda ba, shi ya ba mu dabbar da muke rainawa yau.

Amfaninta kuwa a lokacin tsanani ake ganinsa. Ƙasar nan ta ga yunwar Kakalaba a 1914, ta ga 'Yar Buhu a 1927, ta ga farin 1973 da na 1984. Wani mai bincike, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita wajen ƙarshen shekarun 1970, ya nuna yadda magidanta ke bi daki-daki idan rumbu ya ƙare, kuma sayar da ƙananan dabbobi yana cikin abin da ake yi tun kafin a kai ga jinginar da gona. Dabbobin wa ake sayarwa? Kun san amsa. Iyayenmu da suka ga 1984 suna nan da ransu, a tambaye su gidaje nawa tunkiyar uwargida ta ciyar kafin sabon gero ya nuna. Wadda ta jure cin ƙaiƙayi da busasshen kara har ta kai ranar da za a sayar da ita, ba mai tsada ba ce a lokacin.

Uda kuma labarinta daban. Kowa ya san ta, rabin jikinta na gaba baƙi ko ja, na baya fari, kamar an tsoma ta a rini an tsame. Doguwa ce, dogayen ƙafafu, kunnuwa har suna reto, ragonta da ƙaho mai murɗewa ya buɗe gefe da gefe. Sunanta daga Udawa ya samo asali, Fulanin nan masu kiwon tumaki zalla, waɗanda ke hawa arewa cikin Nijar da damina su gangaro kudu da rani. Duk wanda ya taɓa ganin Ba'ude a gaba, garke na biye da shi a jere ba mai kaucewa, ya san dabbar nan tana da biyayya. Sai dai biyayyar ga makiyayinta ne da 'yan uwanta. An gina ta don tafiya, ta yi kiwon dare, ta ci sabuwar ciyawa yau a nan gobe a can. Ki raba ta da garke ki kawo ta tsakar gidan siminti mai taku goma, kin sa ta kurkuku.

Mun gani da idonmu. A farkon shekarun ƙungiyar nan, lokacin ba mu san dawar garin ba, mun tara kuɗi muka aiki wani dillali kasuwar ƙauye, ya dawo mana da tumakin Uda sababbin fitowa daga daji, manya-manya gwanin sha'awa, kuma da araha. Muka yi ta guɗa. Kwana uku ba su sa dusa a baki ba, don ba su san ta ba. Dare ya yi su yi ta kuka har maƙwabta suka fara aiko yara. Ɗaya ta tsinke igiya ta bi ta zaure, ba a sake ganin ta ba. Wata ta banke wata dattijuwa cikinmu da ta je ba ta ruwa, sai da ta yi jinyar ƙugu. Kafin wata biyu zawo da majina suka shiga cikinsu, suka kuma shafa wa awakin gidajen da aka kai su. Rancen nan sai da muka yi shekara biyu muna biyansa, kuma akwai 'yan uwa biyu da suka bar ƙungiya a kansa, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Dillalin bai yi mana ƙarya ba, tumaki ne masu kyau. Mu ne ba mu tambayi inda suka taso ba.

A yi wa Uda adalci dai: wadda aka haifa a gida, ko aka sayo tana ƙarama ta tashi a hannun mata, takan yi laushi ƙwarai, kuma ragunan Uda suna cikin waɗanda masu turke ke nema.

Sai Balami, sarauniyar gardamar tamu. Fara fat, ba ɗigon baƙi, hanci a gantsare, kunnuwa faffaɗa, wuya da leɓe, tsayi kamar ɗan maraƙi. An fi danganta asalinta da ƙasar Barno, wajen Barebari da Larabawan Shuwa, kuma ana kiwonta sosai a jihar Maraɗi. A da ganin ta a cikin birni sai gidan sarauta ko na attajiri. Abin da ya yawaita ta a hannun talaka abinci ne da kasuwa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Kano da Katsina, harawa da ƙuli-ƙuli suka wadata. A kudancin lardin kuma, wajen Funtuwa da Malumfashi, auduga ta kawo angurya. Da waɗannan ake cika rago a turke cikin wata uku zuwa huɗu. Ta ɓangaren kasuwa, mu mabiya mazhabar Malikiyya rago ne a gaba wajen layya, ga kuma ragon suna da ba ya yankewa duk shekara. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, motoci suka fara kwasar raguna zuwa Legas da Ibadan, sai girman rago ya zama abin nuna isa. Ba mu kaɗai ba ne da wannan. A Senegal akwai wani irin rago da suke kira Ladum, har gasar kyau ake shirya masa a talabijin, ana sayar da shi kuɗin mota.

Gaskiyar masu son Balami ita ce, a wajen hali ba ta da laifi. Tana da natsuwa, ta saba da turke, ta saba da hannu. Matsalarta ciki da jari. Kuɗin tunkiyar Balami ɗaya mai kyau zai sayi 'yan ƙasa biyu, wani lokaci har da canji. Cinta ya fi, kuma ba ta yafe wa mai ita idan abinci ya ragu. Mako biyu na ƙarancin harawa sai ki ga ƙashin baya ya fito. Laima ma ba ta yi mata daɗi, shi ya sa ba ta cika yin kyau a kudu ba, kuma a gidan da ruwa ke kwanciya da damina kofatonta ke fara lalacewa. Harawar da ta sa kiwonta ya yi sauƙi a da, ita ma ta zama abin da ta zama. Tun cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 noman bai koma yadda yake ba, yanzu kuwa daga watan Maris zuwa saukar ruwa ƙullin harawa sai mai hali. Wadda ta san hanya tana saye da kaka ta jibge a kan rufin ɗaki. Sabuwar shiga ba ta da wannan jarin, ba ta kuma da wannan dabarar tukuna.

Hukuma ma ta daɗe tana duba waɗannan iri uku. Gonar dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, an kafa ta tun 1928, a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Aikin inganta tumaki da suka daɗe suna yi, a kan 'yar ƙasa suka fi ba da ƙarfi. Ƙidayar dabbobi da aka yi a 1990 ta nuna Nijeriya na da tumaki wajen miliyan 22 da awaki wajen miliyan 34, kuma galibinsu a ƙauyuka da gidaje suke, ba a manyan gonaki ba. Wato dukiyar tana hannun irinmu. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara shirin Better Life na Maryam Babangida, wanda ya sa mata da yawa suka fara haɗuwa ƙungiya-ƙungiya suna rajista. Amma adashi da ba da kiwo sun girme shi nesa ba kusa ba.

Abin da ya ƙara mana nauyin wannan zaɓe shi ne shekarun nan na kusa. Filin da Barth ya gani cikin ganuwa ya zama gidaje, garin ya tsallake Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Marusa ya yi gaba. Tunkiyar da aka saki yau ba ciyawa za ta samu ba, leda za ta ci, ko babur ya kaɗe ta, ko a ɗauke ta. Kiwon birni ya koma na ɗaure ɗungurungum. Hanyar da manyan tumaki ke zuwa mana ita ma ba ta da tabbas. An rufe iyaka a watan Agusta 2019. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Charanci da Mai'aduwa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyaka wata da watanni, sannan gab da Babbar Sallar 2025 Nijar ta hana fitar da dabbobi. Kowane karo farashin Balami da Uda ne ke fara tashi. 'Yar ƙasa kuwa a bayan gidanmu ake haifar ta.

Saboda haka mu masu wannan rubutu mun tsaya tare da tsofaffi: wadda ba ta taɓa kiwo ba ta fara da 'yar ƙasa, kuma tashin gida. Wannan sharaɗi na biyu ya fi na farko muhimmanci. 'Yar ƙasar da ta taso a garken daji za ta iya ba ki wahalar da Uda ta ba mu. A sayo daga hannun wata mace da aka sani, a cikin ƙungiya ko a unguwa ko ƙauyen da ke kusa, inda za a ga uwar, a ji ko tana haifar tagwaye, a ji ko ta taɓa ƙin shayar da ɗanta. Idan kin je, ki miƙa mata hannu da ɗan dusa. Wadda ta matso ta sunsuna, taki ce. Wadda ta maƙale a bango tana huci tana buga ƙafa, ki bar wa mai ita. Kada kuma ki ruɗe da wadda ta tsaya shiru kai a ƙasa ki ce ladabi ne. Sau da yawa ciwo ne. Mai lafiya idonta garau, hancinta ba majina, gindinta ba alamar zawo, tana tuƙa.

A buɗe baki a duba haƙora. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ake dubawa. Idan manya biyu sun fito a tsakiya, ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, lokacin sayenta ke nan. Wadda haƙoranta suka gige ko suka zube ta gama zamaninta, komai ƙibar da aka yi mata don kasuwa.

Kuma biyu za a saya, kada a sayi ɗaya. Tunkiya dabbar taro ce, ita kaɗai ba ta sakewa, kukan da ke hana unguwa barci yawanci na kaɗaici ne. Mutane na cewa tunkiya ba ta da wayo, har a kan zagi mutum da sunanta, amma masu bincike a Ingila sun nuna a 2001 cewa tana iya riƙe fuskokin 'yan uwanta har 50 na tsawon shekara biyu. Mu dai mun san tana gane takun mai ba ta abinci tun daga zaure. In mutum ɗaya ke ba ta ci a kan lokaci, ba duka, ba yara masu hawa bayanta, cikin mako biyu za ta riƙa bin ki har bakin murhu. Rago ne ba a wasa da shi. Ɗan ragon da aka saba tura masa goshi ana dariya, shi ne zai girma ya kai mutum ƙasa. Ma fi sauƙi, sabuwar shiga kada ta ajiye rago sam. Ƙungiya ta riƙe nagari guda a gidan wadda ta ƙware, a riƙa kai masa.

Abin da kashin Udar nan ya koya mana da tsada: sabuwar dabba a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta haɗu da na gida, a kira malamin dabbobi ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya yi mata allurar rigakafin cutar nan mai zawo da majina da ke share awaki da tumaki, wadda ake yin maganinta a cibiyar Vom ta Jihar Filato. Kuɗin allurar bai kai na kwanon dusa biyu-uku ba. A kula da ragowar tuwo da tsaba, in ta ci da yawa lokaci guda cikinta zai kumbura, kafin a farga ta tafi. Ruwa mai tsabta, ɗan gishiri ko kanwa, rumfa, da wuri busasshe da ake sharewa; takin ma manoman bayan gari suna saye da buhu.

Cikin tunkiya wata biyar ne. In ana ci da kyau, haihuwa uku cikin shekara biyu ba abin mamaki ba ne a wurin 'yar ƙasa. Wadda aka ba biyu bana, in Allah ya kiyaye, kafin Sallar baɗi tana da abin da za ta sayar ta rage bashi, uwayen kuma suna nan.

Ga 'yan uwanmu masu son Balami, ba mu ce a rufe ƙofa ba. Wadda ta yi shekara biyu da 'yan ƙasa, ta san lokacin sayen harawa, ta ga haihuwa ta ga mutuwa, ta biya rancenta, ita ta cancanci rance na biyu ta ɗaure ragon Balami na Sallah, kuma cikinmu akwai waɗanda suka yi haka suka aurar da 'ya'ya da ribar. Akwai kuma shawarar da wasu suka kawo ta tsaka-tsaki, wai ragon ƙungiya ya zama Balami a riƙa ba 'yan ƙasa, 'ya'yan su fito da jiki. Ana yin haka a gari, kuma 'ya'yan na yin kyau. Tsoronmu ɗaya ne, ƙaramar tunkiya mai haihuwar fari takan sha wuya da babban ɗa, kuma in abin ya zo da dare ba kowace ce ke da lambar malamin dabbobi ba. Mu a ganinmu haihuwar fari a bar ta da ɗan ƙasa, daga ta biyu a gwada. Wannan dai ba a yanke ba, yana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, kuma muna roƙon iyayenmu da suka yi shiru wancan karon su zo da bakinsu.

Kafin nan, duk 'yar ƙungiyar da ke da 'yan tumaki mata tashin gida da take son sayarwa, ta sanar da ma'aji, don mu fara saye a tsakaninmu kafin a je kara. Waɗanda za su karɓa kuma su gyara rumfa su kafa turke tun yanzu. Kwamiti zai zagaya ya gani da ido kafin a kai wa kowa tata.